Saura Mutum Ɗaya, Mota Wayam

Daga tashar motar Gwaram, ranar Laraba bayan la'asar, ana tsakiyar marka.
Zuwa ga Mas'uda 'yar Malam Iliyasu, a Kiyako.

Aminci ya sauka a kanki yadda ruwan farko ke sauka a gonar da ta gaji da jira, ya ke ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, ke inuwar tsamiya a tsakar ranar bazara, ke furen riɗi tun hantsi bai taɓa shi ba! Mas'uda, ruwan randata, sanyin idona, zumar kogon dutse wadda hannu bai kai gare ta ba, kurciyar da ta sauka a busasshen reshe ba ta tambayi reshen dalilin bushewarsa ba. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba Malam da Inna, in har sunana bai zama abin da ake kau da kai a gidanku ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da ke yawo da waya a aljihu. Da gangan na ƙi kira. In na kira ki bakina ne zai yi magana, ba ni ba, kin kuwa san bakin nan: shi ne ke cusa mutum bakwai a kujerar mutum huɗu, su sauka suna yi masa godiya. Biro ba shi da wannan saurin. Kafin in gama jan harafi ɗaya ƙarya ta gaji ta zauna, gaskiya ta iso. Don haka ki yi haƙuri da karkataccen rubutuna, babu malamin da ya taɓa riƙe mini hannu.

Wata biyar ke nan da Baba Malam ya ce in turo magabatana, da sharaɗi guda: in je a gwada jinina yadda aka gwada naki, in kawo takarda, domin limamin garinku ba ya ɗaura aure sai ya gan ta. Wata biyar ina ihu ina zage-zage, ban je ba. To, na je. Takardar ce ƙaramar nan da na naɗe a cikin wannan wasiƙa. Don girman Allah kada ki warware ta tukuna. Ki bar ni in yi magana sau ɗaya a rayuwata da muryar da ba ta tasha ba, sannan ki buɗe.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Da kaka ne, an fara yankan gero, kin zo Gwaram duba goggonki za ki koma gida. Ina tsaye a bakin mota, ina dukan ƙofa da tafin hannu, ina kwarara ihu: Birnin Kudu, Birnin Kudu, saura mutum ɗaya! Kika ƙaraso da hijabi ruwan toka da ƙullin daddawa a hannu, kika leƙa. Mutum uku ne a ciki, biyu ma abokaina ne da muka zaunar su yi kamar fasinja, in mota ta fara cika su zame ɗaya bayan ɗaya. Haka aikin ɗan kamasho yake, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ba mai shiga motar da ba kowa. Sai ka yi ihun cika tukuna, cikar ta biyo baya. Kowa ya san haka, kowa yana shiga ya yi shiru. Ke kaɗai kika dube ni, ba fushi ba dariya, kika ce, “Malam, ɗayan da ya saura ni ce, ko sauran goman suna hanya?”

Abokan nan biyu suka tuntsire da dariya har suka manta su fasinja ne. Ni Zulkifli, wanda ba a taɓa ƙurewa a tashar nan ba, ran nan kika ƙure ni. Kika shiga kika zauna, kika jira fiye da awa biyu. Ni kuwa duk ihun da na yi bayan nan sai in ji kamar idonki na bayana yana ƙirga kujeru. Wayyo Mas'uda! Ashe tun ran nan kika gan ni gaba ɗaya, ni ne ban gane an gan ni ba.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A garinmu Farin Dutse aka cire ni daga aji biyu aka miƙa mini fartanya. Baƙaƙen boko a jikin manyan motoci na koye su, da guntayen jaridun da ake naɗe tsire, ina goge mai da gefen riga ina haɗa harafi da harafi. Da na sami waya sai na zama kamar akuyar da ta faɗa rumbu. Tarihi, siyasa, maganin cuta, labarin ƙasashen da ban san yadda ake furta sunansu ba, duk na haɗiye. Wallahi na karanta abin da wasu masu digiri ba su karanta ba. Amma ban taɓa karanta layi ɗaya na tabbata na fahimce shi daidai ba, domin babu wanda ya taɓa duba mini ya ce, e, haka ne. Kin san yadda mutum ke ji in yana taka gada bai san ko an gama gininta ba? Haka nake tafiya a kan duk abin da na sani. Shi ya sa da zarar wani mai takarda ya buɗe baki a teburin mai shayi sai in riga shi ɗaga murya, in tare shi tun kafin ya gano ramin. In ya kawo hujja in kawo ba'a. In ya yi Turanci in ce ya tuna a gidan ƙasa aka haife shi. Samari su yi ta tafi. Suka sa mini suna Lauyan Tasha, ni ma na amsa, na ɗaura shi kamar rawani.

Duk gardamar da na yi a duniya kuwa babu wadda na zuba wa wuta kamar ta gwajin jini. Tun kafin in san ki nake wannan yaƙi. Na ce an mai da aure asibiti. Na ce kakanninmu sun cika gari da 'ya'ya babu takarda ko ɗaya. Na ce wane ne ɗan adam da zai leƙa cikin kwalba ya hango abin da Allah ya ɓoye a mahaifa? Na ce rashin tawakkali ne aka sa masa farar riga. Na faɗa a tasha, na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a wajen ɗaurin aure har wani dattijo ya tashi ya bar wurin. Ba na tsammanin akwai saurayin da ke hawa mota a Gwaram da bai ji wannan huɗuba tawa ba.

Sai ga ki, a ƙofar gidanku, a gindin darbejiyar nan da muke zama bayan la'asar, kina gaya mini a hankali cewa takardarki ta nuna AS. Kika yi mini bayani kamar ban sani ba: ke lafiyarki ƙalau, amma kina ɗauke da rabin ciwon sikila, in ni ma ina ɗauke da rabi, to duk cikin da za ki ɗauka ana tsoron ɗaya cikin huɗu ya haɗa duka biyun. Kika ce ba za ki yi caca da ƙashin jariri ba. Na miƙe tsaye na fara. Na kawo kakanni, na kawo ƙaddara, na kawo Turawa da makircinsu, har kajin gidanku suka watse. Kika bar ni na gama kaf, kina murza gefen hijabinki. Sannan kika ce, “Zulkifli, in har ka tabbata, me ya sa kake ɗaga murya? Ni kaɗai ce fa a nan.”

Me na ce miki? Na ce an wanke miki kai a makaranta. Na ce ki je ki auri takarda ta ciyar da ke. Na kaɗe rigata na tafi, wata uku ban dawo ba. Ya ke mai taushin zuciya kamar audugar da aka gama gurza, da wane hannu na jefe ki da wannan dutse? Kin san me ya sa? Don kin taɓa daidai wurin. Wanda aka taɓa masa lafiyayyen wuri ba ya tsalle haka.

Ga wurin. Mu biyar Innata ta haifa, biyu suna kwance a maƙabartar Farin Dutse. Na ce miki zazzaɓi ne, ƙarya na yi. Maliki yana da shekara huɗu ya tafi, ban riƙe fuskarsa sosai ba, kukansa na riƙe. Ummussalma kuwa ta kai sha uku, ni nake goya ta. Farin idonta kullum kamar an ɗiga masa ruwan rawaya, cikinta babba, ƙafafunta kamar sillen kara. In hadari ya haɗu, kowa a garin yana murna, mu gabanmu faɗuwa yake, don mun san sanyin zai shiga ƙashinta. Sai ta fara da cewa Yaya ana sara mini ƙafa, kafin rana ta karkata tana birgima a kan tabarma tana cizon zane. Innata ta soya yashi a kasko ta ƙulle a tsumma, ni in yi ta danna mata a gwiwa da baya har hannuna ya yi ja. Aka ce sanyi ne, aka ce iska ce, aka ce baki ne. Matan unguwa suka sa wa Innata mai wabi, wai 'ya'yanta zuwa suke su koma, masu ciki suka daina zama kusa da ita a wajen suna. An yi turare, an sha rubutu, an yi tsaga a ƙirjin yarinyar nan har babu sauran wurin aska. Ranar wata Juma'a ana yayyafi ta daina cewa ana sara. Shi ke nan.

Shekara shida bayan haka, ina zaune a bencin nan da nake rubuta miki wannan takarda, na ci karo da bayanin ciwon sikila a waya. Idon rawaya, kumburin ciki, ciwon ƙashi lokacin sanyi. Na karanta sau uku. Kamar wanda ya rubuta ya zauna a tsakar gidanmu ne. Na bi lissafin har ƙarshe, ni da ba a koya wa lissafi ba: in iyaye sun haifi mai sikila, to a cikin 'ya'yansu da suka tashi lafiya, biyu cikin uku suna ɗauke da rabi. Biyu cikin uku, Mas'uda! Na kashe wayar na sa a aljihu, na tashi na doki ƙofar mota na yi ihun saura mutum ɗaya har maƙogwarona ya fashe. A makon nan na fara huɗuba a kan gwaji. Ki duba ki gani: ba jahilci ne ya sa ni ihu ba. Jahili yana barcinsa lafiya. Sani ne ya sa ni, sanin da nake tsoron ya tabbata, nake kuma fatan irin karatuna na tasha ne ya ruɗe ni. Duk wanda ya tafa mini sai in ji kamar an cire mini ƙaya ɗaya. In mutum hamsin suka yarda ƙarya ne, wataƙila ƙaryar ce. Ina cika mota da 'yan zaman ƙarya don ni kaina in yarda za a tashi.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da na ce hukuncina ne in sha. Amma akwai Rabi'u. Kin san shi, mai facin taya a bakin tasha, wanda kan ce miki amaryar Lauya ki rufe fuska. Shekara biyu da suka wuce ya zo mini idonsa jawur da takarda a hannu. Shi da budurwarsa Kulu sun je gwaji, dukansu AS, iyayenta sun ce a haƙura, shi ma ya fara haƙura. Wa ya hana shi? Ni. Na tara masa jama'a, na ce kai namiji ne ko ɗan asibiti? Na fizge takardar daga hannunsa na yayyaga a gaban kowa na watsa sama, gutsattsarin suka sauko kamar farin fure, aka yi ta tafi ana cewa sai Lauya. Ni na bi iyayen Kulu da baki har suka sauko. Ni na nemo wani ƙauye da limaminsa ba ya tambayar takarda. Ni na yi rawa a bikin har hulata ta faɗi.

Shekaranjiya Litinin da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, suka iso tasha a jiƙe. Kulu ta rungume 'yarsu Khuzaima, wata takwas da haihuwa. Hannayen yarinyar sun kumbura sun yi sheƙi kamar an hura su, ko zane ya taɓa sai ta ƙwalla. Na san wannan kukan, Mas'uda. Shekara goma sha ɗaya ban ji shi ba, amma ƙashina ya gane shi kafin kunnena. Motar da ke layi ba kowa a ciki, ruwa ya hana fasinja fitowa. Rabi'u ya tambaye ni saura nawa. Na buɗe baki in faɗi abin da nake faɗa sau ɗari kullum, ya ƙi fita. Na ce masa ba kowa. Na je na kama hannun Ɗan'azumi direba, ni da ban taɓa roƙon kowa a tashar nan ba, na roƙe shi ya tashi haka. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya murza makulli. Na shiga muka tafi.

Duk ramin da taya ta faɗa sai yarinyar ta sandare. Kulu ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na so Rabi'u ya zage ni, na so ya ci kwalata ya buga kaina da gilashi, wallahi da na ji sauƙi. Bai yi ba. Yana kallon ruwan da ke gangara a taga ya ce, a hankali, kamar mai tambayar hanya, “Lauya, ai kai ka ce ba komai. Na ɗauka ka sani.”

Na ɗauka ka sani! Wace wuƙa ce aka taɓa wasawa ta kai wannan? Ya ɗauka na sani don na fi kowa ƙarfin murya. Ya ɗora 'yarsa a kan gadar da ni kaina ban yarda da ita ba. Ina jin haushin duk wanda ya tafa mini, ina jin haushin mai shayin da ke ƙara mini madara in na kayar da mai digiri, ina jin haushin garin da ke auna gaskiya da ƙarfin maƙogwaro. Amma in na gama zagaye da haushin nan sai in tarar da shi tsaye a ƙofata, don su tafi kawai suka yi. Ni na yaga takardar.

A asibiti a Birnin Kudu aka ce jinin yarinyar ya yi ƙasa, sai an ƙara mata. Na naɗe hannun riga kafin kowa ya motsa. Na ce ko wannan in yi, ko ƙwarya ɗaya in mayar daga abin da na zubar. Wata ma'aikaciya ta ɗibi kaɗan ta shiga da shi. Da ta fito ta ja ni gefe, ta ce kada in ji komai, amma ga yarinya mai sikila sun fi son jinin wanda ba ya ɗauke da komai, nawa kuwa akwai alama, in dawo gobe in karɓi cikakken sakamako. Ɗan'azumi ne ya ba da nasa. Ni na koma na zauna a dakali kamar tsohuwar taya. Ko jinina bai isa ya biya abin da bakina ya ɓata ba.

Jiya na karɓo. Yanzu ki warware ta, hasken raina. Kin gani? Harafi biyu, irin naki sak. Duk abin da na taɓa karantawa a duniya sai da na yi shakkar fahimtata. Wannan ne karatu na farko da na yi ban yi shakka ba.

Da a nan zancen ya ƙare da ban cika miki takarda haka ba, da na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa in ja bakina. Saura mafi muni. A hanyar dawowa Ɗan'azumi ya ga yadda na yi, tausayi ya kama shi, ya ce in kwantar da hankalina, ya san wani mai shago da ke buga irin takardar nan da duk harafin da mutum ke so, har da hatimi, ba limamin da zai gane. Kina tsammani na ce a'uzubillahi? Ban ce ba. Kafin mu ci rabin hanya na ji tsohuwar muryar nan ta tashi a cikin ƙirjina, ta gyara riga ta fara: uku cikin huɗu fa lafiyayyu ne! Wa ya ce lallai sai mun faɗa a kan ɗayan? Na'ura ba ta kuskure ne? Ba ga wane da wance ba, 'ya'ya shida ko ciwon kai? Wallahi Mas'uda, kafin mu shigo Gwaram na gama tsara huɗubar tsaf, wadda zan yi miki daban, wadda zan yi wa Baba Malam daban, kuma ta yi kyau, ta fi duk wadda na taɓa yi. Kukan Khuzaima bai gama fita daga kunnena ba fa. Kin ga irin mutumin da kika so?

Shi ya sa na sa takardar a cikin wannan wasiƙa. Ban yarda da hannuna ba, ya taɓa yaga irinta. Ki kai wa Baba Malam yau, kada ki bari ta kwana a ɗakinki, kada tausayina ya kama ki. Sannan ga roƙona, ina durƙushe nake yin sa. Zan zo. Na san kaina, zan zo, ko bayan sati ko bayan wata, in sa farar shadda in tsaya a gindin darbejiyar nan da magana mai zaƙi kamar rake. Zan kawo hujja, zan kawo hawaye, zan rantse miki wancan gwajin kuskure ne. Kada ki yi gardama da ni, ba a cin nasara a kaina da gardama. Kada ma ki fito. Ki aiko mini da wannan wasiƙa in karanta da idona, in ga rubutun mutumin da ya fi ni gaskiya, wanda ya rayu na yini ɗaya a kan benci ranar Laraba. In kika ji muryata ta fara hawa, ki sani tsoro ne ke hawa. Ke kika gano haka tun kafin ni.

Wayyo, abin da na gina a raina! Na zaɓi wurin da zan yi miki ɗaki a Farin Dutse, ta gabas, inda iskar damina ke ratso gonakin riɗi. Na ga 'ya mai irin idonki tana ƙirga kujerun mota tana ƙure ubanta. Har suna na ajiye mata, Ummussalma, na ce wannan karon za ta girma. Yanzu in na rufe ido sai in gan ta a kan tabarma, ke kina soya yashi a kasko. A'a! Gara a sare mini hannu daga kafaɗa. Gara in gan ki a gidan wani, da goyo mai ƙiba yana wasa da ruwan sama a tsakar gida kina dariya ba gabanki na faɗuwa ba. Ina rubuta wannan biro na huda takarda, domin ban yafe ba, ban haƙura ba, zuciyata ba ta yarda da ko harafi ɗaya ba. Amma ki auri wanda jininsa ya dace da naki. Ki tambaye shi takarda. In ya ɗaga murya, ki ƙirga kujerunsa.

Ya ke tauraruwar da ta fito wa mai tafiyar da ba zai isa ba, ya ke rijiyar da na gano bayan igiyata ta tsinke, yaya zan yi da la'asar? Wa zan kai wa labarin tasha? Wa zai saurare ni har in gama sannan ya kashe ni da tambaya ɗaya? Duwatsun Birnin Kudu sun ga damina nawa ba su narke ba, ni guda ɗaya ta ishe ni.

Gobe da safe zan je teburin mai shayi, wurin da na yaga takardar Rabi'u, in faɗa musu abin da tawa ta nuna, da abin da ya kashe ƙannena, da abin da ke kwance a asibiti yanzu. A hankali zan faɗa. Na san ba za a tafa ba, wasu ma za su ce asiri aka yi wa Lauya. Khuzaima an ƙara mata jini, ta kama nono jiya. Duk ranar da ciwon ya tashi ni zan nema musu mota, ko ba fasinja, har iyakar raina ko nata. Ki sa ta a addu'a. In da saura, ki sa ni.

Ba zan rantse miki cewa zan mutu ban yi aure ba, na daina faɗin abin da ban tabbatar ba. Abu ɗaya na tabbatar, shi ya sa kika ga ban yi ihunsa ba: wurin da kika zauna a zuciyata ba mai zama, ko na gaske ko na cika ido, har ranar da za a mai da ni kusa da Ummussalma. In wata rana hanya ta kawo ki tashar nan, ko da goyo a bayanki, ko da maigidanki a gefe, kada ki canza layi don gudun idona. Ba zan yi miki zance ba, ba zan wuce gaisuwa ba. Ki tsaya a bakin mota ki tambaye ni saura nawa. Zan faɗa miki gaskiya.

Naki a yau da ba ki tare da ni, naki a ranar da za a ɗaura da wani, naki a shiru,
Zulkifli, ɗan kamasho, tashar Gwaram.